Dubai Da Farautar Masu Haɗa Manhajar Waya: Daga Mutum Miliyan Ɗaya Zuwa Dubu Ɗaya

A cikin watan Oktoban shekarar 2017 ne Sarkin Dubai, kuma firaministan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Sheikh Muhammad bin Rashid Al Maktum, ya ƙaddamar da wani gagarumin shiri na koyar da matasan Larabawa miliyan ɗaya fasahar rubuta manhajar kwamfuta da ta wayar salula, ba tare da sun biya ko sisin kwabo ba. Bayan shekaru biyar da 'yan watanni, wato a cikin watan Maris na 2023, sai ɗansa, Yarima mai jiran gado Sheikh Hamdan bin Muhammad, ya ƙaddamar da wani shirin mai kama da shi, wanda ya taƙaita ga manhajojin waya kaɗai. To, amma a wannan karon adadin mutanen da aka ce za a horar bai wuce dubu ɗaya ba, kuma dukkansu 'yan asalin ƙasar ne.

Tazarar da ke tsakanin waɗannan alkaluma guda biyu abin nazari ce, ba ga mahukuntan Dubai kawai ba, har ma ga ƙasashen Afirka irin su Nijeriya da Habasha waɗanda suka bi sahu da nasu shirye-shiryen na miliyoyin mutane, da kuma duk wani matashi a Kano, ko Maraɗi, ko unguwar Nima ta birnin Accra, wanda ke riƙe da waya a hannu yana tunanin ta ina zai fara koyon haɗa irin manhajojin da ke cikinta.

Da farko dai ya kamata a san abin da ya sa Dubai ta damu da wannan sana'a. Saɓanin maƙwabciyarta Abu Dhabi, Dubai ba ta da wani man fetur na a zo a gani, kuma abin da man ke samarwa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na tattalin arzikinta ba. Da ciniki, da sufurin jiragen sama da na ruwa, da yawon buɗe ido, da hada-hadar kuɗi masarautar ke rayuwa. Tun a shekarar 2000 ta buɗe wata unguwa ta musamman domin kamfanonin intanet, kuma sannu a hankali aka fara cin moriyar hakan. A 2017 kamfanin Amazon na Amurka ya sayi Souq, wata kasuwar intanet mai hedkwata a Dubai. A 2019 kuma kamfanin Uber ya ba da sanarwar sayen Careem, manhajar kiran motar haya da aka kafa a birnin a 2012, a kan kuɗi dala biliyan 3 da miliyan 100. Wannan ciniki ya nuna wa mahukunta cewa manhaja guda a cikin waya tana iya yin darajar da ta fi ta dogayen benaye masu yawa. Sai dai kuma 'yan asalin ƙasar ba su wuce kusan mutum ɗaya cikin goma na mazaunanta ba, don haka tilas ne ko dai a horar da masu wannan aiki, ko kuma a jawo su daga waje.

Shirin na 2017 ya ɗauki hanya ta farko. Gidauniyar Makomar Dubai ce ta gudanar da shi, tare da haɗin gwiwar kamfanin Udacity na Amurka mai koyarwa ta intanet. An raba karatun gida huɗu: haɗa manhajar Android, gina fuskar shafin intanet, gina shafin intanet gaba ɗayansa, da kuma nazarin alkaluma. Ba a tambayi mai shiga takardar digiri ba, ba a kuma buƙaci ya taka ƙasar Dubai ba. Duk mai kwamfuta da intanet yana iya rubuta sunansa daga ɗakinsa a Alƙahira ko Khartum. Bisa ga alkaluman da masu shirin suka bayar, sama da mutum miliyan ɗaya daga ƙasashe 80 ne suka shiga.

Ko shakka babu wannan adadi ne mai ban sha'awa, to amma akwai sauran alkaluman da suka fi shi faɗin gaskiya. Ayyukan kammala karatu da ɗalibai suka gabatar sun kai kimanin 100,000. Da aka zo gasar ƙarshe, wadda aka keɓe wa waɗanda suka kammala domin su kawo manhajar da suka gina da kansu, ayyuka 257 ne aka gabatar. A cikin watan Mayun 2022, a wani biki da aka yi a Gidan Tarihin Makoma da ke Dubai, wani ɗan ƙasar Siriya mazaunin Turkiyya, Mahmoud Shahoud, ya lashe kyautar dala miliyan ɗaya da manhajarsa mai suna Habit360, wadda ke taimaka wa mutum ya saba da kyawawan ɗabi'u yana kuma bin diddigin ci gabansa. Shi kuwa Shahoud injiniyan manhaja ne, wato mutum ne da ya riga ya mai da wannan aiki sana'arsa.

Wannan zubewar ɗalibai ba a Dubai aka fara ganinta ba. A shekarar 2019 wasu masana na jami'ar MIT da ke Amurka sun wallafa wani bincike a mujallar Science a kan darussan kyauta da jami'arsu da ta Harvard ke bayarwa ta intanet, inda suka gano cewa a zangon karatu na 2017 zuwa 2018, kimanin mutum 3 ne kacal cikin kowane 100 da suka yi rajista suka kai ƙarshen darasi. Dalili kuwa a fili yake. Rubuta suna aikin minti biyar ne, amma koyon sana'ar aikin watanni ne, kuma wanda bai biya komai ba, babu kuma malamin da zai tambaye shi inda ya kwana, ba ya jin ya yi asarar komai idan ya ajiye. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Domin a fahimci inda sabon shiga ke tuntuɓe, sai an bi matakan da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya. Matakin farko shi ne zaɓen irin wayar da zai yi wa aiki, domin duniyar wayoyin zamani ta kasu gida biyu: Android ta kamfanin Google, da kuma iPhone ta kamfanin Apple. Mai son yi wa iPhone manhaja zai koyi harshen kwamfuta mai suna Swift, wanda Apple ya fito da shi a 2014, kuma kayan aikin da ake kira Xcode ba ya tafiya sai a kan kwamfutar Mac, wadda tsadarta kaɗai ta isa ta kori yawancin masu farawa. Mai son Android kuwa zai sauke Android Studio kyauta, ya koyi harshen Kotlin, wanda Google ya amince da shi a 2017, ya kuma fifita shi a kan tsohon harshen Java tun daga 2019. Akwai kuma hanya ta uku, wato a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kan wayoyin biyu, ta amfani da React Native da Facebook ya saki a 2015, ko Flutter da Google ya kammala fitarwa a ƙarshen 2018. Yawan waɗannan sunaye shi ne tarko na farko, domin akan sami mai koyo ya taɓa wannan mako biyu, ya koma wancan mako uku, har shekara ta ƙare bai ƙware a ko ɗaya ba.

Mataki na biyu shi ne kayan aiki. Ko da yake domin waya ake yin manhajar, a kan kwamfuta ake rubuta ta, kuma Android Studio yana buƙatar na'urar da ƙwaƙwalwar aikinta ta kai aƙalla gigabayit 8. Wanda bai da irin wannan yana iya ɗanɗana abin da App Inventor, wani kayan koyo na kyauta da jami'ar MIT ke kula da shi, inda ake jera umarni kamar tubala a maimakon rubuta su, to amma wannan share fage ne kawai. Daɗin daɗawa kuma, kusan duk littattafan bayani da saƙonnin kuskure da na'ura ke fitarwa da Turanci suke. Masu shirin Dubai sun gane haka, shi ya sa suka samar da darussan da taimakon malamai cikin Larabci, amma ɗalibi yana barin darasi ya shiga aikin gaske zai tarar Turancin na jiransa.

Mataki na uku, wanda a nan ne akasari ake rabuwa, shi ne tashi daga kwaikwayon abin da malami ya yi a bidiyo zuwa gina abin kai. Muddin ana bin malami layi bayan layi, komai na tafiya daidai. Ranar da mutum ya buɗe farin shafi domin ya gina tasa manhajar, ranar ce zai gamu da kuskuren da babu shi a cikin darasi, kuma yana iya kwana uku yana neman wani waƙafi guda da ya ɓata masa aiki. A irin wannan lokaci abin da ke ceton mai koyo shi ne wani wanda ya riga shi sani, da zai duba masa aikin ya nuna masa inda gizo ke saƙa. Bidiyo ba ya yin wannan.

Mataki na ƙarshe shi ne kai manhajar kasuwa. Buɗe rumfa a Google Play yana cin dala 25, biya ɗaya, yayin da Apple ke karɓar dala 99 a kowace shekara. Haka kuma tun daga watan Nuwamban 2023 Google ya wajabta wa duk wanda ya buɗe sabon asusu da sunansa na kansa ya sami mutanen da za su gwada manhajarsa har kwana 14 a jere kafin a sake ta ga jama'a. Da farko mutum 20 aka nema, daga baya a ƙarshen 2024 aka rage zuwa 12. Ma'anar wannan ita ce, hatta ƙa'idar kasuwar ba ta yarda mutum ya yi aikin shi kaɗai a ɗaki ba.

Idan aka dubi matakan da mahukuntan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ɗauka daga baya, za a ga bisa ga dukkan alamu sun karanci wannan darasi. A watan Yulin 2021 gwamnatin tarayyar ƙasar ta sanar da wani shiri na ƙasa, tare da kamfanoni irin su Google, Microsoft, Amazon da IBM, wanda a ƙarƙashinsa aka yi alkawarin bai wa ƙwararrun masu rubuta manhaja 100,000 daga ko'ina a duniya takardar izinin zama ta shekara goma, wadda ake kira bizar zinariya, tare da burin kafa kamfanonin fasaha 1,000 cikin shekaru biyar. A cikin wannan shekarar ce kuma aka buɗe makarantar 42 a Abu Dhabi, babban birnin tarayyar, wadda reshe ce ta wata makaranta da attajirin Faransa Xavier Niel ya kafa a birnin Paris a 2013. Ba a biyan kuɗin makaranta a can, babu kuma malamai masu tsayawa gaban allo. Ɗalibai ne ke duba aikin junansu, kuma ba a ɗaukar kowa sai ya jure wa gwajin kusan wata guda na aiki ba dare ba rana. Sannan sai shirin Dubai na 2023, wanda majalisar 'yan kasuwa mai kula da tattalin arzikin zamani ke gudanarwa, inda baya ga horar da 'yan ƙasa 1,000 aka yi alkawarin tallafa wa sababbin ayyukan manhaja guda 100, aka kuma kafa gasar da ake tantance masu shiga, a haɗa su da masu ba su shawara har su fitar da abin da za a iya gwadawa. A taƙaice dai, ma'aunin ya tashi daga yawan masu rajista ya koma yawan manhajojin da suka kai hannun jama'a.

Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa ta fuskoki fiye da ɗaya. Shekara da shekaru fatake daga Kano da sauran biranen arewacin Nijeriya da Nijar suna zuwa unguwar Deira ta Dubai sarin kaya, ciki har da wayoyin salula da ake bajewa a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano. Ribar da ɗan kasuwa ke samu a kan waya sau ɗaya ce, ranar da ya sayar da ita. Amma mai manhajar da ke cikin wayar yana ci gaba da samu muddin ana amfani da ita. An ga misalin haka a farkon 2023, lokacin da ƙarancin takardun naira ya tilasta wa masu shayi da 'yan tireda komawa ga manhajojin biyan kuɗi irin su OPay, PalmPay da Moniepoint, waɗanda babu ko ɗaya daga cikinsu da ke da tushe a arewacin ƙasar.

A waje guda kuma, salon na Dubai ya riga ya ƙetaro zuwa Afirka. Bayan an kwafi shirin a ƙasashen Jordan da Uzbekistan a 2019, a watan Yulin 2024 firaministan Habasha Abiy Ahmed ya ƙaddamar da shirin horar da 'yan ƙasarsa miliyan 5 da taimakon Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma haɗa manhajar Android na daga cikin darussan. Ita ma Nijeriya, a ƙarshen 2023, ministan sadarwa Bosun Tijani ya fito da shirin 3MTT mai burin horar da mutum miliyan 3, wanda aka fara da rukunin mutum 30,000. Abin tambaya a nan shi ne, shin waɗannan ƙasashe sun ɗauki darasin 2017 ne kawai, wato kiran miliyoyi, ko kuwa sun haɗa da darasin 2023?

Tambayar tana da nauyi, domin mai koyo a Katsina ko Zariya yana ɗauke da kayan da takwaransa na Dubai bai san da su ba. A watan Oktoban 2024 jihohin arewacin Nijeriya da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasar ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Hatta biyan dala 25 ɗin nan ta Google ya zama aiki, tun da daga 2022 bankuna da yawa sun hana amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙasashen waje, sai a tsakiyar 2025 wasu daga cikinsu suka dawo da shi. A irin wannan hali, ɗaki guda mai wutar sola, da kwamfutoci ashirin, da ƙwararre ɗaya mai duba aikin ɗalibai, zai iya fitar da masu sana'a fiye da dubban sunaye a cikin rajista.

Akwai kuma batun wanda zai ci gajiyar wahalar. Bizar zinariya ba domin sabon shiga aka yi ta ba, domin wanda ya riga ya ƙware ne. Ke nan ƙasar da ta ɗauki nauyin matashi tun yana tuntuɓe tana iya rasa shi daidai lokacin da ya fara amfani, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ita ma ƙofar ba kullum take a buɗe ba: daga watan Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza, abin da ya gurgunta harkokin fatake da masu neman aiki baki ɗaya. Sai dai wannan sana'a ta bambanta da ci-rani na gargajiya, domin aikinta yana tafiya ta intanet ko da mai shi bai motsa ba, kuma ana iya yi wa kamfanin Dubai aiki daga Sakkwato. Bugu da ƙari, ɗalibin da ya tashi da karatun Larabci yana da wata dama ta musamman, domin kasuwar yankin Gulf tana buƙatar manhajojin da rubutunsu ke tafiya daga dama zuwa hagu, abin da ba kowane mai haɗa manhaja ne ya iya tsara shi ba.

Wani sabon al'amari da ya shigo tsakani shi ne ƙirƙirarriyar basira. Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, na'ura tana iya rubuta wa mutum sassan manhaja idan ya bayyana mata abin da yake so, kuma a 2024 Dubai ta sake fitowa da wani shirin na mutum miliyan ɗaya, a wannan karon domin koyar da yadda ake bai wa irin waɗannan na'urori umarni. Ga mai farawa, wannan takobi ne mai kaifi biyu. Ya sami abin da zai yi masa bayanin kuskure da tsakar dare ba tare da gajiya ba. Amma kuma ƙananan ayyukan da a da ake bai wa sabon shiga domin ya goge, su ne na'urar ta fi saurin yi. Wanda ya dogara da ita tun bai san tushen aikin ba, ranar da manhajar ta tsaya a hannun mai saye ba zai san inda zai taɓa ba.

Abin da na'ura ba ta da shi shi ne sanin wuri. Ba ta san yadda ɗan kasuwar Kantin Kwari ke rubuta bashin abokan cinikinsa ba, ko yadda uwar adashe ke lissafin zubi da kwasa, ko yadda manomi ke neman farashin hatsi a Dawanau kafin ya ɗauki hayar mota. Manhajar da za ta yi amfani a irin waɗannan wurare tilas ta yi aiki a kan ƙaramar wayar Tecno ko Itel, ta jure rashin intanet, ta nuna haruffan Hausa masu lanƙwasa daidai, ta kuma yi magana da murya ga wanda bai iya karatun boko ba. Waɗannan matsaloli ne da mai zaune a dogon bene a Dubai ba zai hango ba, kuma kowace ɗaya daga cikinsu ta isa ta zama aikin farko na mai koyo. Hanyar da ta fi kusa da kai mutum gaci ita ce ya tsaya a kan harshe ɗaya, ya zaɓi matsala ɗaya ƙarama da ya sani ciki da waje, ya nemi abokan koyo da wani na gaba da shi, sannan ya sa abin da ya gina a hannun mutum 12 na gaske, ya saurari ƙorafinsu.

Su kuwa gwamnatoci, alkaluman da ya kamata jama'a su riƙa tambayarsu ba na masu rajista ba ne. Mutum nawa ne suka kammala? Manhajoji nawa ne suka shiga kasuwa? Nawa ne daga cikin ɗaliban ke cin abinci da sana'ar bayan shekara biyu? Dubai mai kuɗi da wadatacciyar wutar lantarki ta kira miliyan ɗaya, ta ƙare da ayyuka 257 a gasar ƙarshe, sannan ta sake lale. Abin jira a gani shi ne ko Abuja da Addis Ababa za su bayyana nasu alkaluman a lokacin da wa'adin shirye-shiryensu ya cika, su kuma yi gyara tun rana ba ta faɗi ba.